Kason Vitina a Kuɗin Sallamar Laviero

Mahaifiyata Vitina Romaniello ba ta wuce aji biyar a makaranta ba, amma duk direban da ya taɓa bin tsohuwar hanyar da ta hau dutsen Serralta ta gangara Potenza ya san ta, ko kuwa ya san miyarta. Tana da shekara ashirin da ɗaya ta auri mahaifina, Laviero Summa, a 1968. Shi leburan hanya ne na hukumar lardi. An ba shi kilomita tara ya kula da su, aka kuma ba shi wani jan gida a can ƙololuwa, inda ba ka da maƙwabci sai iska. Washegarin biki aka loda gadonta da tukwanenta da keken ɗinkinta a bayan motar tsakuwa, ita kuma ta zauna gaba da kaza biyu a kan cinya.

Aikin Baba a fili yake. Da rani ya cike ramuka, ya yanke ciyawar gefen hanya, ya yashe magudanan ruwa. Da sanyi ya yi ta fama da dusar ƙanƙara, shi da shebur ɗinsa da buhunan gishiri. Tun safe yake fita, sai la'asar yake dawowa. Amma a gidan akwai tarho na hukuma wanda ba ya sanin cewa ma'aikaci ya fita, akwai ƙarfen tare hanya da ake saukewa in hanya ta rufe, akwai kuma littafin aiki da ake rubuta zurfin ƙanƙara da yawan motocin da suka wuce da duk abin da ya faru a ranar. Rubutun Baba kamar kaza ta yi tono yake, shi kansa ba ya iya karanta shi bayan kwana biyu. Tun watan farko Mama ta karɓi littafin. Ita ke rubutawa, shi kuwa ya sa hannu a ƙasa. Duk lokacin da sufeto ya zo zagaye sai ya buɗe littafin ya gyaɗa kai ya ce, "Summa, da kowa yana rubutu irin naka da na huta." Baba ya yi murmushi, Mama kuma ta miƙo wa sufeto kofi.

Ni Dora, ni kaɗai suka haifa, a gidan nan na tashi. Abu na farko da nake iya tunawa a rayuwata shi ne safar maza jere a kan igiya daga taga zuwa ƙofa, suna ɗigar ruwa. Wannan a Disambar 1973 ne, kwana uku kafin Kirsimeti. Wata bas ɗauke da mutanenmu da ke ci-rani a Jamus ta maƙale ƙasa da gidanmu kaɗan da tsakar rana. Mutum talatin da huɗu ne, da akwatunansu ɗaure da igiya. Baba ya shigo da su gida a jere, suna riƙe da juna, sannan ya koma da direba da wasu samari suka hau haƙa. Kwana biyu mutanen nan suka yi a wurinmu. Mama ta ƙarar da garin alkamar da ta ajiye don sanyin gaba ɗaya, ta yanka kajinta bakwai, ta murza taliya har hannunta ya kumbura, ta soya busasshen tattasai, ta dafa wake a tukunyar wanki. Tsakanin haka tana ɗaga tarho tana gaya wa Potenza inda ake, tana kuma kiran ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya a je a gaya wa iyali cewa mazansu na nan da rai.

Da bazara ta zo aka kira Baba birni, aka ba shi takardar yabo da agogon hannu. Ya dawo yana ta juya hannu don mu gani. Mama ta duba ta ce, "Ya yi kyau. Sun ce wani abu a kan kajina?" Baba ya yi dariya, ita ma ta yi. Ba wanda ya biya kajin, ba ta kuma sake tambaya ba. A lokacin suna son juna, kuma abin da ke nasa nata ne, haka ta ɗauka.

Shekara ashirin da biyu suka yi a can. A 1990 aka gama fasa rami ta ƙarƙashin dutsen, motoci suka daina hawowa, hukuma ta rufe jan gida. Aka mayar da Baba ɗakin ajiyar kayan aiki a Potenza, muka koma wani ɗan gida a hawa na uku. Mama ta ji kamar an kwance ta. Ga kasuwa, ga coci, ga mata da za ta yi hira da su ta taga. Baba kuwa sai ya zama kamar bishiyar da aka tuge. Mutumin da ya saba da kilomita tara nasa na kansa, yanzu zaune yake a kan kujera yana ba yara shebur suna sa hannu. Ya daina magana, in kuwa ya yi sai faɗa.

Akwai wata Sinyora Lidia mai shagon taliyar hannu a layinmu. Ta ɗanɗana ta Mama sau ɗaya ta ce ta zo ta yi mata aiki. Baba ya ce ba da yawunsa ba, kada a ce ma'aikacin gwamnati ya kasa ciyar da matarsa. Maganar ta yi ta tafasa har ranar Ista ta 1991, muna cin abinci a gidan Baffa Sabatino, yayan Baba. Mu goma sha ɗaya ne a tebur. Matar Baffa ce ta tono zancen, ba da mugun nufi ba.

"Vitina, an ce Lidia na nemanki. Ai ki karɓa, hannunki ya saba da aiki."

Baba ya riga ya sha kofi uku na giyar inabi. Ya ce, "Wane aiki ta saba da shi? Shekara ashirin da biyu tana zaune gindin murhu tana cin albashina. Ku tambaye ta sisi nawa ta taɓa kawowa gidan."

Baffa ya ce, "Laviero, ci abincinka." Mama kuwa ta ci gaba da cin abincinta. Ta gama abin da ke farantinta, ta taya wanke-wanke, ta yi wa kowa sallama. Magana zarar bunu ce. Ranar Talata ta ɗauki keken ɗinkinta da akwati ɗaya ta koma ɗakin wata 'yar gwaggonta. Ina da shekara ashirin da biyu, na fara aikin jinya ke nan. Na bi ta ina kuka ina cewa giya ce ta yi magana. Ta ce, "Giya ba ta ƙirƙirar magana, Dora. Buɗe ƙofa kawai take yi."

Baba ya ɗauka fushin sati ɗaya ne. Bai je biko ba, ita kuma ba ta jira shi ba. Da safe ta wanke matakalan benaye uku, da rana ta murza taliya a shagon Lidia. Shekara huɗu bayan haka kotu ta raba auren. Lauyanta wani dattijo ne mai suna Tolve, mai yawan tari da yawan haƙuri. A bakin ɗakin shari'a ya tsayar da ita yana roƙo.

"Sinyora, ki bari alƙali ya yanka masa kuɗin ciyarwa na wata-wata, ko lira dubu goma ce. Ba don yau ba, don gobe. Ranar da zai yi ritaya, macen da ke karɓar ciyarwa ce kawai doka ta ba kaso a kuɗin sallamarsa. In kin ƙi yau, kin rufe wannan ƙofa."

"To a rufe ta, Lauya. Na ci albashinsa ya ishe ni."

Alƙali ma ya tambaye ta sau biyu, ta ba shi amsa ɗaya. Baba yana gefe ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Ba zan ce ta sha daɗi ba. Na ga lokacin da take saka takalmi ɗaya shekara uku, na ga gwiwoyinta sun yi baƙi da durƙuso a kan siminti. In na kawo mata kuɗi sai in tarar da su a aljihun rigata bayan na koma gida. Amma sannu a hankali ta daina wankin matakala, Lidia ta yi mata rajista a matsayin ma'aikaciya, gidajen abinci biyu suka ce ba su son taliyar kowa sai tata. Ta kama ɗan gida mai ɗaki biyu ta cika tagarsa da jan tattasai. Ita da Baba in sun haɗu a hanya suna gaisawa kamar mutanen da suka taɓa zama unguwa ɗaya. Babu wanda ya sake aure a cikinsu.

A watan Mayu na 2003 Baba ya yi ritaya. Wata ranar Asabar ya kira ni ya ce in zo da motata, akwai kaya. Na same shi zaune a ɗakin girki, ga wani kwali a kan tebur, ya jiƙe ta ƙasa.

Ya ce, "Na je ofishin fansho jiya. Yaron da ke wurin ya duba fayil ɗina ya ce, 'Kawu, ka tsallake rijiya da baya. Tsohuwar matarka ba ta da ko sisi a ciki, duka naka ne.' Har da miƙo mini hannu."

"To sai ka ce masa me?"

"Na bar hannunsa a sama."

Ya tura mini kwalin. A satinsa na ƙarshe an sa shi kwashe tsofaffin takardun ɗakin ajiya a kai bola, sai ya tarar da littattafan jan gida a ciki, guda ashirin da biyu, kowace shekara da nata. Na buɗe ɗaya. Rubutun Mama ne daga farko har ƙarshe, ƙanana a jere kamar ɗinki. Ƙanƙara kamu biyu. An sauke ƙarfe da ƙarfe goma. Motar madara ta faɗa rami, direba lafiya, an ba shi romo. A ƙasan kowane shafi kuma ga tonon kazar nan, L. Summa.

Ya ce, "Kwana huɗu ina karantawa. Ban sami rana ɗaya da ta tsallake ba. Har ranar da aka haife ki ta rubuta, da yamma, ta ce iska daga arewa." Ya share hanci da bayan hannu. "Ɗauki kwalin, mu je."

Mun sami Mama a bayan shago, gari har gwiwar hannu, ita da 'yan mata biyu da take koya wa aiki. Ta dubi Baba, ta dubi kwalin.

"In taliya kake so, ta gaba ake saya."

"Ba taliya na zo saya ba, Vitina. An ba ni kuɗin sallama. Na zo a raba."

"Allah ya sa albarka. Ka sayi hula sabuwa, wannan ta gaji."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake, dubi bakin hular."

'Yan matan suka ƙunshe dariya. Baba ya ajiye kwalin a kan kujera ya buɗe. Mama ta goge hannu a jikin rigar aikinta, ta ɗauki littafi ɗaya ta riƙe shi nesa da ido, don ba ta sa tabarau ba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta rufe ta mayar.

"Na yi zaton sun ƙone su tuntuni. Bar mini waɗannan, ka tafi da kuɗinka."

Bai haƙura ba. Ya je wurin Lauya Tolve, wanda a lokacin ya tsufa ƙwarai amma bai rufe ofis ba, ya sa ya shirya takarda. Na lallaɓa Mama ta zo ta ji ko da ba za ta sa hannu ba. Ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci. Lauya ya fara karantawa, yana kaiwa kan kalmar kyauta ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan. Kyautar me?"

"Haka doka ke kiransa, Sinyora. Tunda ba ki da haƙƙi a rubuce, abin da zai ba ki kyauta ne."

"To na gode, ba na bara." Ta ɗauki jakarta.

Baba ya miƙe. "Wai ke me kike so ne? Na ce ga shi, kin ce a'a. In durƙusa ne?"

"Gwiwarka ba za ta iya ba. Zauna in gaya maka." Ya zauna. "Na ɗaya, a cire kyauta a rubuta ladan aiki. A rubuta wane aiki, tarho da ƙarfe da littafi da ciyar da matafiya. Na biyu, a tebur ka faɗi waccan magana, a tebur za ka janye ta, a gaban waɗanda suka ji."

"Rabinsu sun mutu, Vitina."

"Huɗu ne suka mutu, ina ƙirge. Su Allah zai gaya musu. Sauran kai za ka gaya wa."

Lauya ya yi tari mai tsawo, wanda nake zaton dariya ce. Ya ce za a iya rubuta cewa Laviero ya amince da haƙƙin aikin da ta yi, zai nemo yadda za a tsara shi. Sai ya koma kan lissafi. Ya ce da doka ce ta raba, da kashi arba'in cikin ɗari za ta samu na shekarun auren, daga biki zuwa ranar da kotu ta raba su, shekara ashirin da bakwai ke nan.

Baba ya ce, "Rabi za a rubuta. Doka ba ta taɓa kwana a Serralta ba."

Mama ta ce, "Rabi na yarda. Amma ashirin da biyu za a rubuta. Sauran biyar ɗin ban yi wa hanya komai ba, ba zan ci kuɗinsu ba."

Suka yi kusan rabin awa suna gardama, shi yana ƙoƙarin ƙara mata, ita tana ragewa. Lauya ya jingina da kujera ya ce da ni, "Shekara arba'in ina raba aure, yau na fara ganin irin wannan faɗa." A ƙarshe ashirin da biyu aka rubuta.

Ranar Lahadi ta biyu a watan Yuni muka taru a gidan Baffa Sabatino, mu bakwai da suka rage. Matarsa ta rasu, don haka Mama ce ta yi girkin, ta ce ba za ta ci abincin da 'ya'yansa maza suka dafa ba ko da za a ba ta lardin gaba ɗaya. Baba bai taɓa giya ba. Da aka gama cin taliya, kafin a kawo nama, ya miƙe tsaye ya dafa tebur. Ya shirya jawabi a takarda, amma da ya zaro ta sai ya kasa karanta rubutun kansa. Ya ninke ta ya mayar aljihu.

"Shekara goma sha biyu da suka wuce na faɗi wata magana a nan. Ƙarya na yi. Mu biyu muka yi aikin hanyar nan, ni a waje ita a ciki, kuma nata ya fi nawa tsafta. Albashin da na ce ta ci, nata ta ci." Ya dubi Mama. "Ya isa, ko da saura?"

"Ya isa. Zauna, nama zai huce."

Baffa Sabatino, wanda kunnensa ya yi nauyi, ya ce, "Me ya ce?" Sai da Baba ya sake maimaitawa da ƙarfi a kunnensa, har maƙwabta suka ji ta taga. Mama ta ce wannan ƙari ne, ba ta nema ba amma ta karɓa.

Mutane sun yi zaton za su koma aure. Ba su koma ba. Ta ce ta saba kwana ba minshari, shi kuma ya koma ƙauye yana noman ɗan filin da ya gada. Amma duk ƙarshen wata yakan sauko birni, ya biya ta shago ya kawo mata tattasai da ganye, su yi musu a kan ko ya shayar da su da kyau.

Kuɗin ba ta sayi gida da su ba, ba ta kuma ba ni ba. Ta je ta biya wa kanta shekarun farko da ta yi aiki ba rajista, aka shigar mata da su cikin lissafin fansho. Ta ci gaba da murza taliya har ta cika shekarun da ake nema. A farkon Oktoban 2011, tana da shekara sittin da huɗu, fanshonta na farko ya fito. Ba shi da yawa. Na ce a riƙa tura mata ta banki, ta ce a'a, wannan karon da ƙafarta za ta je gidan waya a ƙirga mata a hannu.

Na raka ta. Layin tsofaffi ya kai bakin ƙofa. Muna tsaye sai ga Baba ya shigo, shi ma ranar karɓarsa ce. Ya hango mu ya taho zai shiga gabanta, kamar yadda ya saba yi wa duk wanda ya sani.

Ta tare shi da jaka. "Ina za ka?"

"Haba Vitina, ƙafata na ciwo."

"Kowa a nan ƙafarsa na ciwo. Koma baya, Laviero, ma'aikata ne a gabanka."

Ya koma ƙarshen layi yana gunaguni, amma na ji shi yana gaya wa mutumin da ke kusa da shi, da murya yadda kowa zai ji, cewa waccan mai baƙar rigar fanshonta na kanta ta zo karɓa. Da aka zo kanta ta sa tabarau, ta karanta takardar daga sama har ƙasa ba ta damu da masu tsaki a baya ba, sannan ta sa hannu a hankali, Vitina Romaniello. Muka jira Baba a waje har ya fito. Ta kai mu shagon da ke tsallaken titi ta saya mana kofi da waina mai zuma, ta kuma hana shi taɓa aljihunsa.